Aron Baki

A Zangon Kumasi, bayan rumfunan goro,
akwai filin da wani Bakware ya kewaye da kwano.
Taro ka zauna a ƙasa, sisi ka hau benci.
Can kakana Gariba ya yi shekara tara
tsaye a gefen farin ƙyalle,
yana ara wa wata mata baki.

Ita ba ta magana.
Leɓe ya buɗe, ya rufe,
kamar tarwaɗa a kwatarniya.
In ta ɗaga gira ga mai doguwar hula,
sai Gariba ya sirance murya:
"Kai, mai gemun bunsuru, ina bashina na manja?"
Fili ya kece da dariya,
'yan dakon Kejetiya na dukan cinya,
jemagu su watse daga kan mangwaro.

In kuwa ta tsaya a tasha da ƙaramin akwati,
jirgi ya tafi ya bar ta,
sai ya yi ƙasa da murya, ya sa ta kira Allah.
Fataken Salaga, masu wata bakwai rabonsu da gida,
kowa ya shiga gyaran rawani.

Jirgin Sakunde ke kawo ta cikin gwangwani,
ta gaji da yawon ƙasashe, duk ta kakkarce.
Zanen na sauka bisa fuskarta tsaye-tsaye,
mutane suka ce: garinsu ma kullum damina,
kamar namu.
Suna kiranta Mai Gira. Ba wanda ya nemi wani sunan.

Sai da yana ta rufe wa Gariba ido ɗaya
na ja shi asibiti, ina ɗan shekara sha biyu.
Yana laluben kati a aljihu
hotonta ya faɗo a kan teburin likita.
Baturen ya ɗauka, ya juya bayan, ya daɗe.

"Etelka," ya ce. "'Yar ƙasarmu ce, Hangari.
Uwata ta sha sayar da ƙwai don ta je kallonta.
'Yar mai gyaran agogo,
ta gudo Budapest da takalmin yayarta,
fim sha huɗu ta yi kafin ta cika talatin.
Ranar da na'ura ta koyi magana
aka tsai da ita gaban makirfo a baƙuwar ƙasa,
aka ce harshenta ya yi nauyi,
muryar ba ta dace da fuskar ba.
Ta koma sayar da tikiti ta wata 'yar taga.
Daga nan yaƙi. Bayan yaƙi, ban sani ba."

Kakana ya tambayi shekarar.
Ya lanƙwasa yatsu, ya sake lanƙwasawa.
A daminar da aka ƙwace mata baki can
ta fara ciniki a nan,
tana zagi, tana habaici, tana salati,
da Hausar Zango mai ɗanɗanon Asante.

Shi ma ai ba a bar shi ba.
Da fina-finan Indiya suka zo da waƙarsu
Bakware ya ba shi sule goma da tsohon gwangwani.
Ya koma naɗe goro a ganye,
yana yayyafa masa ruwa kada ya bushe.

Yanzu a filin ana gyaran wayoyi.
Hoton yana wajena, cikin littafin awo,
gefensa gara ta ɗanɗana.
Bakinta a buɗe yake kaɗan.
Na san wani abu ta faɗa ranar,
da yarensu, ga wani mai riƙe da fitila,
wataƙila ƙorafin sanyi, wataƙila takalmi ke matse ta.

Ni dai in ruwa ya sauko kan kwanon Aboabo
na duba ta,
muryar tsoho nake ji, siririya, da ƙamshin goro,
tana bin bashin manja.